Na'urar da Ke Gane Kwanan Kifi, da Abin da Ke Kuɓuce Mata

Tun bayan rubutun da ya gabata a kan abincin yaye, inda na ce a riƙa murmushe wa yaro kifi a faten dankali ko na wake da zarar ya cika wata 6, tambayoyinku suke ta shigowa. Akwai guda ɗaya da ta yi ta maimaituwa: wai an ce yanzu akwai manhajar da za ki sauke a waya, ki ɗauki hoton kifi, ta gaya miki ko sabo ne ko ya kwana biyu. Gaskiya ne? In kuma gaskiya ne, ina ake samunta?

Akwai gaskiya a maganar, sai dai an ƙara mata gishiri. Na'urorin da ke duba kifi da haske suna nan, suna aiki a masana'antun kifi na arewacin Turai, kuma abin da suke iya gani abin mamaki ne. Amma tsakaninsu da wayar da ke hannunki akwai tafiya mai nisa. Akwai kuma wani abu mai haɗari a jikin wasu kifaye da yake wuce ido, ya wuce hanci, ya wuce kyamarar waya, kuma shi ya fi damuna a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Za mu zo kansa. Bari mu fara da abin da ke faruwa a jikin kifi daga lokacin da ya bar ruwa, domin in ba a san wannan ba, ba za a gane abin da na'urar take nema ba.

Tsokar lafiyayyen kifi mai rai tsaf take. Ƙwayoyin bakteriya suna zaune ne a kan fatarsa cikin yauƙin nan, da jan naman da ke ƙarƙashin marfin kunnensa wanda yake numfashi da shi, da kuma cikin hanji. Muddin yana da rai, garkuwar jikinsa tana tsare su daga shiga tsoka. Yana mutuwa sai abubuwa biyu su fara tafiya tare. Na farko, jikin ya fara cin kansa. Akwai wani sinadari da ake kira ATP, shi ne man da tsoka ke aiki da shi, a jikinmu ma haka ne. Bayan mutuwa yakan riƙa rushewa mataki-mataki. Da farko yana komawa wani abu mai suna IMP, wanda shi ke ba sabon kifi garɗin nan da ba ya buƙatar magi da yawa. In aka ƙara kwanaki sai ya zarce, ya koma wani sinadari mai ɗaci-ɗaci. Shi ya sa kifin da ya kwana biyu, ko bai fara wari ba, za ki ji miyarsa salam.

Na biyu, bakteriyar da ke waje su fara kutsawa ciki suna cin tsoka, suna fitar da iska mai wari. A kifin teku akwai wani sinadari da suke juyawa ya zama ƙarnin nan mai hawa kai. Ma'ana, yawan ƙarni a kifin teku alamar kwana ce, sabo ba ya yin sa sosai. Kifin ruwan daɗi irin tarwaɗa da karfasa ba su da wannan sinadari da yawa, nasu warin yakan fi kama da tsami ko ruɓaɓɓen ƙwai. Kuma duk wannan aiki zafi ne ke ba shi gudu. A lissafin da aka yi da kifin ƙasashen sanyi, wanda aka ajiye a digiri 5 yana lalacewa da saurin da ya ninka na wanda ke cikin ƙanƙara fiye da sau biyu, a digiri 10 kuwa sau huɗu. To ki ɗora wannan a kan tiren kifi a ranar Afrilu a Kano ko Maiduguri, inda zafi ke kai digiri 40. A nan awoyi ake ƙirgawa.

Kafin zuwan kyamara

Masana sun daɗe suna neman lambar da za ta maye gurbin "ni dai na ji kamar ya kwana". A shekarar 1959 masu bincike a Japan, ƙarƙashin wani masani mai suna Saito, suka fito da ma'aunin K, wanda ke auna nawa ne daga cikin ATP ɗin nan ya riga ya rushe. Mutanen Japan suna cin ɗanyen kifi, don haka abin ya dame su ƙwarai. A wurinsu kifin da za a ci ɗanye ana so ma'auninsa ya tsaya ƙasa da kashi 20 cikin 100. A Tarayyar Turai kuma akwai ma'aunin TVB-N, mai auna sinadaran warin nan, kuma dokarsu ta sa iyaka tsakanin miligiram 25 zuwa 35 a kowane giram 100 na tsoka ga wasu nau'o'in kifi. Matsalar waɗannan gwaje-gwaje ita ce sai an yanki kifin an niƙa, an kai ɗakin gwaji, an jira awoyi. Kuma kifi kaɗan ake ɗauka daga cikin dubbai, sauran su wuce da sunan waɗanda aka gwada.

A shekarun 1970 wata cibiyar bincike ta Torry da ke Aberdeen a Sikotland ta ƙera wata 'yar na'ura ta hannu, Torrymeter, da ake dannawa a jikin kifi ta auna yadda fata da tsoka ke amsa lantarki, ta ba da lamba daga 0 zuwa 16. Sai a shekarun 1980 aka fito da wata hanya a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya wadda ake kira QIM, daga baya Turai ta rungume ta. Wannan ba ta da na'ura ko ɗaya. Mutum ne zai duba ido, fata, jan naman kunne, ciki da wari, ya ba kowanne maki daga 0 zuwa 3, a tara, jimillar ta nuna kusan kwana nawa kifin ya yi a ƙanƙara. Wato abin da matan masunta na Yauri da Baga suke yi da ido da yatsa, aka tsara shi a takarda. Ki riƙe wannan, domin har yau da irin wannan ma'auni ake gwada ko na'ura ta yi daidai.

Yadda haske ke tona asiri

Duk wadda aka taɓa kwantarwa a asibiti ta san ɗan abin nan da muke maƙala wa mara lafiya a yatsa, mai jan haske, ya nuna 97 ko 98. Ba ya huda fata, ba ya ɗibar jini, amma yana faɗa mana yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Dabararsa ita ce yana harba haske iri biyu ta cikin yatsa: ja wanda ido ke gani, da wani da ke bayan ja wanda ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin yana shanye na bayan jan fiye da jan, wanda bai ƙoshi ba kuma akasin haka. Na'urar ta kwatanta abin da ya fito ta ɗaya gefen, ta yi lissafi. Haka ma abin da ake ɗora wa jariri a goshi ko ƙirji don duba shawara: haske yake harbawa, ya auna yawan rawayan da ya dawo.

Wannan dabara ce aka kai wa kifi, sai dai an faɗaɗa ta matuƙa. Ana auna tsawon zangon haske da nanomita, wato kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Idonmu yana gani daga wajen 400 zuwa 700, launukan bakan gizo ke nan daga shuɗi zuwa ja. Kyamarar wayarki tana tattara wannan duka ta zuba a kwando uku kacal: ja, kore da shuɗi. Kowane hoto da kike gani, cakuɗin ukun nan ne. Ita kuwa kyamarar da ake duba kifi da ita, bari mu kira ta kyamarar bakan gizo, tana yanka hasken siri-siri zuwa kashi ɗari ko ɗari biyu ko fiye, kuma tana zarcewa zuwa 1,000 da sama, inda ido ya makance. Kowane ɗigo a hoton yana ɗauke da jerin lambobi ɗaruruwa a maimakon uku. Asalinta ma ba don abinci aka yi ta ba; a shekarun 1980 hukumar NASA ta Amurka ta riƙa ɗora irinta a jirgin sama don gane ma'adanai da tsirrai daga nesa.

Amfanin wannan shi ne kowane abu yana da inda yake shan haske. Ruwa yana sha a wajen 970, kitse a wajen 930. Jinin da ya rage a tsoka yana sauyawa yayin da iska ke taɓa shi, daga ja ya koma ruwan ƙasa, kamar yadda kike gani a naman da ya kwana a firji, kuma kyamarar tana kama wannan sauyi tun kafin ido ya lura. Sai a ɗauki kifaye masu yawa da aka san ranar kamunsu, a ɗauki hotonsu kullum, a kuma gwada su a ɗakin gwaji, a ba kwamfuta duka biyun ta koyi wane zubin haske ne ke tafiya da wane kwana. Bayan ta koya, sai a kawo mata sabon kifi ta yi hasashe. Ki lura da kalmar, hasashe. Na'urar ba ta jin wari, ba ta kuma ƙirga bakteriya ɗaya bayan ɗaya. Sauye-sauyen da ke rakiyar kwana take gani, ta kintata daga abin da aka koya mata.

Ƙasar Norwe ce ta fi nisa a wannan aiki, kuma ba abin mamaki ba ne, kifi na cikin manyan abubuwan da take fitarwa bayan mai da gas. A cibiyar binciken abinci ta Nofima da ke birnin Tromso, masu bincike sun wallafa a 2011 cewa da haske kaɗai suna iya raba tsokar kifin kod sabuwa da wadda aka daskarar aka narkar, suna kuma iya faɗin kwanakin da ta yi a ƙanƙara da kuskuren da bai kai kwana 2 ba. Abin da ya fi ba su haske a lissafin shi ne sauyin nan na jini a tsoka. A 2020 aka fito da na'urar kasuwa mai suna Maritech Eye, wadda aka gina a kan binciken Nofima. Ana kafa ta a kan bel ɗin da kifi ke wucewa a masana'anta, tana duba kowane ɗaya, tana gane yawan jinin da ya kwanta a tsoka ta cikin fata ba tare da an yanka ba. Kifin da jininsa bai tsiyaye da kyau ba farashinsa ƙasa ne, kuma ya fi saurin sauya ɗanɗano.

A nan akwai darasi na kyauta ga mai sayen tarwaɗa mai rai. Idan an yanka miki, a bari jinin ya tsiyaye, a cire hanji da jan naman kunne nan take, a wanke bakin jinin nan da ke kwance a jikin ƙashin baya. Wuraren da bakteriya suka fi yawa ke nan, kuma jinin ne ke fara juyawa.

A ƙasar Sin ma an yi aiki sosai. A wata jami'ar fasaha da ke Guangzhou, Jun-Hu Cheng da Da-Wen Sun sun nuna tun wajen 2014 cewa kyamarar bakan gizo tana iya kintata ma'aunin TVB-N da na K a tsokar wani kifin ruwan daɗi da ake kiwo a can. Har taswira suke fitarwa mai launi, a ga wane ɓangare na tsokar ya riga wani lalacewa.

To ita wayar fa?

Akwai abubuwa na gaske a nan ma. A Japan, kamfanin Dentsu ya fito da manhajar Tuna Scope a 2019. An koya mata da dubban hotunan yankakkiyar wutsiyar kifin tuna tare da hukuncin ƙwararrun dillalai, tana duba yankan ta faɗi darajar kifin. Amma tuna kaɗai ta sani, kuma 'yan kasuwa aka yi wa ita. A Indonesiya masu bincike sun tara dubban hotunan idon kifi da aka ɗauka da waya don koya wa ƙirƙirarriyar basira bambanta sabo da kwananne, tunda idon kifi yana dusashewa yana lotsawa da kwana. Ita kuma Nofima ta saki wata manhaja kyauta tun 2011 a kan tsarin QIM, kuma abin dariyar shi ne ba ita ke dubawa ba. Hotuna take nuna miki, ta tambaye ki yaya idon yake, yaya warin yake, ke ki amsa, ita ta tara maki. Ido da hancin dai naki ne.

Dalilan da suka sa ba zan ce ki dogara da hoton waya a kasuwarmu ba suna da sauƙin ganewa. Duk wadda ta taɓa sayen atamfa ta WhatsApp ta san launin hoto daban, na hannu daban. Waya tana gyara launi da kanta, kowace da irin nata gyaran, ga hasken rana, ga inuwar rumfa, ga ƙwan lantarki da dare. A masana'anta ana rufe kifin a akwati mai haske iri ɗaya kullum, ana kuma daidaita na'urar da farin allo. Sannan abin da aka koya da kifin Norwe ba ya aiki a kan karfasar dam ɗin Tiga. Kowane nau'i sai an yi masa nasa karatun daga farko. Tarwaɗa idonta ɗan mitsitsi ne. Kifin kwali kuwa daskarewa kanta tana farar da idonsa ko da lafiyarsa lau. Launi ma yana ƙarya: a wasu ƙasashe ana busa wa tsokar tuna iskar kabon monoksaid don ta zauna jawur ko ta kwana, abin da Tarayyar Turai ta hana saboda yana ɓoye lalacewa.

Abin da ya fi damuna

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Wasu kifayen teku masu duhun tsoka, irin titus, tuna, sadin da shawa, suna da wani sinadari da yawa a jikinsu mai suna histidin. In aka bar su a ɗumi, sama da digiri 4, wasu bakteriya sukan juya shi ya koma histamin. Histamin shi ne abin da jikin mutum ke saki da kansa idan ya ci abin da bai karɓe shi ba, shi ke kawo ƙaiƙayi da borin jini. A nan kuma kifin ne ya tara shi, ke kika haɗiya.

Abubuwa biyu suka sa shi mugu. Kifi yana iya tara histamin mai yawa alhali idonsa, launinsa da warinsa ba su nuna komai ba. Kuma da zarar ya taru, ba ya fita. Suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi, hayaƙi ba ya kashe shi, mayarwa firiza ba ta kashe shi. Wuta tana kashe bakteriyar, gubar da suka bari tana nan daram. Shi ya sa maganar "ai na soya shi ƙarau" ba ta kwantar mini da hankali. A dokar Tarayyar Turai, daga kowane rukunin irin wannan kifi ana ɗaukar samfuri 9 a kai ɗakin gwaji, matsakaicinsu kada ya wuce miligiram 100 a kilo, kuma kada ko ɗaya ya wuce 200. Gwajin sinadari ne ake yi, hoto ba ya wadatarwa.

Alamominsa suna zuwa da sauri, daga 'yan mintuna zuwa awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci. Fuska, wuya da ƙirji su yi ja su ɗauki zafi, kai ya sara, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, wani ya ji baki na raɗaɗi kamar an zuba barkono alhali miyar ba ta da yaji, wani ya yi amai ko gudawa, wani jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. A fata mai duhu jan ba lallai ya fito sosai ba, zafin fuskar da ƙaiƙayin za ki fi lura da su. A wurin aiki mukan ga uwa ta zo tana cewa ashe yaronta kifi bai karɓe shi ba, ta riga ta yanke hukuncin hana shi kifi har abada. Tambayar da nake fara yi ita ce: su waye suka ci, su waye suka ji? In mutum uku ko huɗu a gida suka ji abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a baya suna cin kifin nan lafiya, to zargi ya fi karkata ga kifin ranar. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin hana yaro mai tasowa kifi gaba ɗaya asara ce babba, musamman yanzu da nama ya yi tsada. Likita ne zai tantance, kada a yanke a gida.

Yawanci abin yana lafawa cikin awoyi, kuma magungunan borin jini irin su Piriton suna taimakawa. Ga ƙaramin yaro kada ki ƙiyasta adadi da ka, ki tambayi ma'aikacin lafiya. In akwai gudawa a fara ba da ruwan gishiri da sukari na ORS. Amma idan numfashi ya fara wuya, ko ƙirji na shaƙewa, ko leɓe da harshe sun kumbura, ko mutum ya yi jiri zai faɗi, asibiti nan take, ba jiran safiya. Masu asma da masu ciwon zuciya abin yakan fi yi musu tsanani. Haka ma wanda ke shan maganin tarin fuka mai isoniyazid, domin wannan magani yana rage ƙarfin jiki na narkar da histamin. In akwai mai shan sa a gida, a ƙara kula da irin kifin da ake ba shi.

Yanzu ki duba tafiyar titus ɗin da ke tukunyarki. A arewacin tekun Atlantika ake kama shi, wajen Norwe da maƙwabtanta, a daskarar, a zuba a kwali, jirgin ruwa ya kawo Legas. Daga nan mota ta yi kusan kilomita 1,000 zuwa Kano, ya shiga ɗakin sanyin dila, ya fito zuwa firizar mai shago, ya fito kan tire, wanda bai ƙare ba a mayar da yamma. Ko da na'urar da ta fi kowace tsada ta duba shi a Turai, shaidar ranar ta bayar. Duk inda injin sanyin mota ya tsaya, ko aka ɗauke wuta aka ƙi tada janareta don tsadar mai, ba ta nan.

Don haka a kifin kwali tarihin sanyinsa za ki bincika. Ki nemi wanda yake da tauri kamar itace tun daga kai har wutsiya. Idan kin ga ƙanƙara mai launin jini ta kwanta a ƙasan kwali ko leda, ko kifayen sun lanƙwashe sun manne da juna a dunƙule, ko cikin ya fashe, alama ce ya narke an sake daskarar da shi. Rawaya-rawaya a gefen ciki kitse ne ya fara juyawa. Wanda ya riga ya saki a kan tire yana tsiyayar ruwa, ƙuda na bi, ba ki san tun yaushe yake nan ba, kuma in aka karya miki farashinsa da yamma ki tuna araha ba ta ado. Da yawanmu ba mu ke zuwa kasuwa ba, maigida ne ko yaro, don haka a gaya musu a fili: daga cikin firiza za a ciro, kifi ne sayayyar ƙarshe, kuma gida za a wuto kai tsaye, ba a rataye leda a babur a tsaya hira a majalisa ba.

Ga ɗanyen kifin kogi ko na dam, ɗaga marfin kunnen ki gani: ja mai haske ake so, ba ruwan ƙasa ko toka-toka mai yauƙi ba. Ido ya zama a cike, garau. Ki danna tsokar da yatsa, ta dawo. In ramin ya zauna, ki bar shi. Ki sunsuna wajen kunnen da ciki, nan wari ke fara fita, kuma kada ki ji kunyar mai kifi. "Malam, buɗe mini kunnen in gani" ba rashin mutunci ba ne, mai kaya mai kyau da kansa zai buɗe. Banda ta fi wuyar ganewa don hayaƙi yana rufe launi da wari. Ki ɓare guda ki duba ciki: laushi mai danƙo, fumfuna, tsutsa ko garin ƙwari, ko warin maganin ƙwari, duk dalilin ajiyewa ne.

A gida, ɗanyen kifi kwana 1 zuwa 2 yake yi a firji mai sanyin digiri 4, in wuta ta tsaya ke nan. Kada a narkar da na kwali a rana ko a bar shi a roba tun safe har la'asar. A sa shi a firji, ko a leda cikin ruwan sanyi ana sauya ruwan, yana saki a dafa. Ƙa'idar hukumomin abinci na Amurka ita ce kada ɗanyen kifi ko dafaffe ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1. In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kusan awa 4, firiza cikakkiya kusan awa 48, mai rabi awa 24. A ɗakin girkinmu na bazara ki rage daga wannan lissafi. Idan wuta ta dawo kika tarar kifin da sauran ƙanƙara a jikinsa, ana iya ci gaba da ajiya. In ya saki gaba ɗaya, ya yi ɗumi, ba ki kuma san tun yaushe ba, titus ne ko shawa, ni dai ba zan ba yaro ba ko ya yi kyan gani. Wadda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, gara ta sayi na ci ɗaya ta dafa a ranar, da ta sayi rabin kwali don ragi.

Masu tambaya a kan garin kifi da ake zuba wa yara a kunu, yadda ake busar da shi da tsawon lokacin da yake yi a kwalba, na ga saƙonninku, shi za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Kafin nan, wadda gidanta ya taɓa cin kifi mutane da yawa suka ji zafin fuska da ciwon kai a tare, ta rubuta mana a ƙasa wane irin kifi ne, kuma awa nawa ya yi tsakanin firizar mai shago da tukunya.